Lambar da Ke Cikin Takalmina

Gwaggona Nuvija ba ta taɓa kirana da sunan da aka rubuta mini a makaranta ba. Kowa a garinmu Simioni yake ce mini, ita kuwa Inna. Ni da gemu, da tumbi, da katin aikin gwamnati rataye a wuya, amma da ta hango ni a kanti sai ta ɗaga murya: "Inna, kin ci abinci kuwa?" Sunan mahaifiyarta, Aputik, aka raɗa mini, kuma a wurinmu Inuit, mutanen ƙasar ƙanƙara ta arewacin Kanada, wanda ya ɗauki sunan mamaci shi ne mamacin ya dawo. Kamata ya yi in riƙa ce mata 'yata. Shekara hamsin da 'yan kai ban taɓa faɗa ba, domin ni ɗan boko ne, ina jin kunyar abin da bai kamata a ji kunyarsa ba.

A cikin tantin fata aka haife ta, a bakin teku. Tana da shekara goma sha ɗaya jirgin ruwan likitoci ya zo, aka kwashi mutane cikin kwalekwale aka kai su a duba ƙirjinsu. Wanda aka samu da tarin fuka ba ya sake sauka. An samu Aputik da shi. A wancan zamanin gwamnati ta gaji da sunayenmu, sai ta rataya wa kowa ɗan faifai mai lamba, kamar kwabo mai huji, da shi ake saninka. Da aka raba uwa da 'ya, Aputik ta cire nata ta jefo wa Nuvija cikin kwalekwale, ta ce ta riƙa nuna shi tana tambayar labarinta. Bayan shekara biyu limamin coci ya ce ta rasu a kudu. Aka tambaye shi a wane gari, ya ce bai sani ba.

Wannan zancen faifan ban san shi ba sai da na riga na yi ɓarna.

Nuvija ce ta raini ƙannenta uku, har da mahaifina. Ta koyi ɗinkin kamik, takalminmu na fatar nattiq, wata dabbar teku, ta yi ta tauna fata don ta yi laushi har haƙoranta suka cinye suka koma kamar ƙwayar masara. Ta yi aure, ta haihu biyar, ta binne miji. Rubutun Turawa ba ta san ko alif a ciki ba, namu na coci kawai take karantawa. Ba ta da yawan magana. In ta yarda da abu ta ɗaga gira, in ba ta yarda ba ta yamutsa hanci, shi ke nan an gama shari'a. Duk bayan shekara biyu takan ɗinka mini sabon kamik, wai kada ƙafar Inna ta yi sanyi, ni kuwa da tafiyata ba ta wuce daga gida zuwa ofis. A cikin kowanne, daga saman shafin ciki, akwai wani ɗan kwalliya na jan zare. Ban taɓa tsayawa na dube shi ba.

Shekarar da aka ba mu Nunavut, yankin da za mu riƙa mulkin kanmu, kaina ya yi zafi. Ni ne mai jawabi a rediyon gari, ni ne mai bayanin 'yancin ƙasa ga tsofaffin da suka san kowane dutse na ƙasar da sunansa, alhali ni ko kifi ban taɓa kamawa ba sai a cikin firji. Na yanke shawarar a tattara faifan mulkin mallaka a zuba su a teku ranar bikin karɓar yankin. Na bi gida gida, na samu guda shida. Na je wurin Gwaggo.

"Faifan nan da kike ɓoyewa a gwangwanin allura, ba ni shi."

Ta dube ni ta daɗe. "Me za ki yi da shi, Inna?"

"Teku zan jefa shi. Mu ba lamba ba ne, mutane ne."

Hancinta ya soma yamutsewa, sai kuma ta sake shi. Ta buɗe gwangwanin ta miƙo mini. "Ga shi, dama naki ne."

Na ɗauka irin maganarta ce ta kullum.

Ranar biki teku a daskare yake. Na yi ta saran ƙanƙara da sandar ƙarfe ina haki, jama'a na tsaye suna kallo, har maƙwabcinmu Qillaq ya ce, "Kawo nan, Shugaba, kafin ka huda ta Turawan sun dawo." Shi ya huda ramin, ni na yi jawabi na minti ashirin, na zuba faifai bakwai, aka tafa. Na daɗe ina ba da labarin nan da alfahari.

Shekara ashirin da wani abu bayan haka aka sanar cewa za a taimaka wa iyalai su nemo kaburburan waɗanda jirgi ya tafi da su. Gwaggo ta zo ofishina da sandarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce abu ɗaya ya rage mata a duniya, ta ga inda aka kwantar da uwarta tun ƙafarta na iya hawa jirgin sama. Na bugi ƙirji na ce ta bar mini, ai aikinmu ne na masu ilimi.

Na kira ofishin da ke neman kaburburan, matar da na samu a waya ta yi mini bayani da haƙuri. Ta ce a asibitocin kudu yadda kunnen ma'aikaci ya ji suna haka yake rubutawa, wani lokacin ma sunan Turawa kawai yake liƙa wa mutum. Aputik ba ta fito a ko'ina ba. "Amma in kuna da lambarta, cikin mako guda za mu same ta."

Na koma wurin Gwaggo kamar ba komai, na tambaye ta ko faifan da ta ba ni nata ne. Ta ce nata ya faɗa ruwa tun tana budurwa, wanda ta ba ni na Inna ne, ta kuma ba ni labarin kwalekwale tana yankan kifi. Na yi mata sallama ban sha shayin da ta zuba mini ba.

Wata uku ina yi mata ƙarya. Yau in ce matar ta tafi hutu, gobe in ce takardu suna hanya. Har na je na tsaya a bakin teku ina kallon wajen da na yi jawabi, kamar mai jiran ruwa ya ji tausayina. Ita kuwa tari ya kama ta a wannan hunturun, ta rame, kullum in na shiga sai ta ɗago ido tana jiran labari. Tsoro nake ji sosai, kada ta mutu tana jirana.

Rediyon nan da na yi suna a cikinsa shi ya tona mini asiri. Wata rana da hantsi ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a kan tabarmar kwali a ƙasa, da wuƙarta da daskararren kifi a gabanta.

"An ce a rediyo lamba suke nema."

"Haka ne, Gwaggo."

"Shi ya sa kike ta zagaye gidana kamar karen da ya ci tsumman ɗinki?"

Na durƙusa na faɗa mata gaskiya, har da hawaye. Na ce ni na jefa uwarta a teku, da hannuna, ana tafa mini. Na tambaye ta me ya sa ba ta hana ni ba.

"Yaya zan hana ki abinki? Ke kika ba ni, ke kika zo kika karɓa." Ta goge wuƙar a gwiwa. "Cire takalminki."

"Na'am?"

"Kunne ma ya tafi tare da hankalin? Cire, na ce."

Na cire. Ta juya bakinsa ta nuna mini jan zaren da ɗan yatsa. Harafi ɗaya ne da lambobi biyar, a karkace, ɗaya ma ta kusa kwanciya. Ba ta san me suke cewa ba, siffarsu kawai ta haddace tun tana yarinya.

"Tun kamik ɗinki na farko nake sa miki," in ji ta. "Na ce in suka sake zuwa suka ɗauke ki, wannan karon kada ki tafi ba lamba, in rasa inda zan neme ki."

Ni da na yi jawabin minti ashirin a kan lambar nan, ashe da ita na tsaya a ƙafa ina yin jawabin.

Na aika musu da lambar, bayan kwana tara aka kira mu. Da bazara muka tafi kudu, ni da ita da babbar 'yarta, jirgi biyu da mota. Maƙabarta ce mai ciyawa da manyan itatuwa, irin waɗanda Gwaggo ba ta yarda da su ba, wai suna tare wa mutum gani. Wani ma'aikaci ya kai mu can ƙarshe, wurin da babu ko dutse, ya duba takardarsa ya nuna ƙasa.

Ta zauna a kan ciyawar ta shafa ta da tafin hannu. Ta fito da busasshen kifi daga jaka ta ajiye. Na yi tsammanin da ƙasar za ta yi magana, na ja da baya don in ba ta wuri. Sai ta juyo ta kama ƙafar wandona.

"Ashe nan suka sa ki, Inna. Da zafi haka. Kin sha wahala."

Na duba, ma'aikacin yana kallonmu, ƙato mai gemu da tsohuwa tana ce masa Inna. Na zauna kusa da ita a ƙasa, na riƙe hannunta mai kaushin allura.

"Na sha, 'yata," na ce. "Amma ai kin zo."

Ta ɗaga gira, sannan ta kifa kanta a kafaɗata ta yi kuka irin na yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya.