Malam Sagiru Ladan da Harshen da Ya Ƙi Tashi

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Sagiru a shekarar 1957 a garin Kudan. Mahaifinsa Malam Tanko manomin rake ne, sunan mahaifiyarsa Fatsuma. Ya sauke Alƙur'ani a 1972, sannan ya yi shekara biyar a Makarfi yana karatun fiƙihu a zaure, inda aka fara lura da muryarsa, wadda ba ta da kauri amma tana kai wa nesa.

Sana'a da iyali

A 1980 ya koma Ikara wajen yayansa Alhaji Salman, ya kama sana'ar mazarƙwaila. A shekarar ya auri Asibi 'yar Nasarawan Doya, mace mai kunya wadda maƙwabta suka shaida ba su taɓa jin muryarta ta haura katanga ba. A 1984 aka ba shi ladancin masallacin unguwa. Shi ne kuma ake kira idan wani ya shiga gargara, domin ya laƙƙana masa kalmar shahada. A wannan hidima ya ga waɗanda suka furta ta cikin sauƙi, ya kuma ga waɗanda harshensu ya yi nauyi har rai ya fita, kuma na biyun nan ba su taɓa barin zuciyarsa ba. Addu'arsa bayan kowace salla guda ce, Allah ya sa ya cika da ita.

Rashin lafiya

A watan Yuli na 2019 ya faɗi a gona sakamakon hawan jinin da bai san yana da shi ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Hankalinsa na nan garau, yana gane duk abin da aka faɗa, amma in ya buɗe baki babu abin da ke fita sai "to, to". An yi wata biyu ana turare da shafe-shafe bisa zaton bugun iska ne, kafin 'yarsa Juwairiyya ta dage aka kai shi asibitin ƙwararru a Zariya. Can aka bayyana cewa jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, a daidai mazaunin magana.

Masu gashin jiki sun tsayar da shi da sanda cikin wata shida, amma harshe ya ƙi. Asibi ta ce sau da yawa takan same shi ya ɗaga manuniyar hagu, leɓɓansa na rawa, zufa na keto masa, yana neman kalmar da ya laƙƙana wa mutane shekara talatin da biyar. Ya daina yarda a bar shi shi kaɗai a ɗaki, in ya ji sanarwar rasuwa sai ya ƙi cin abinci.

Koyon magana

A 2020 aka haɗa shi da Malama Mukarrama, ma'aikaciyar da ke koya wa irinsu magana. Da ta ji cewa ladan ne, sai ta ajiye katunan hotunanta, ta riƙe hannunsa na hagu, ta ja farkon kiran salla a hankali. Malam ya karɓa, ya kai shi har ƙarshe ba tuntuɓe, ya fashe da kuka. Ta yi wa iyalin bayani cewa abin da aka rera ba hanya ɗaya yake bi a ƙwaƙwalwa da abin da aka faɗa ba. Sai dai har ƙarshen rayuwarsa bai iya farawa da kansa ba, sai an ja masa kabbarar farko da muryar kira. Asibi ce ta ɗauki wannan aiki, kullum da hantsi, ƙofa a rufe. Tsoronsa bai gushe ba, domin bai san wanda zai kasance kusa da shi ranar ba.

Rasuwa

Ranar Talata, 14 ga Maris 2023, da hantsi, ciwon ya sake bugunsa. Dattawa suka cika ɗakin, mata suka koma tsakar gida kamar yadda aka saba. Alhaji Salman ya yi ta maimaita masa kalmar a kunne, Malam na zare ido yana duban ƙofa, numfashi na raguwa. Nan Asibi, wadda shekara arba'in da uku ba ta taɓa haɗa ido da yayan mijinta ba, ta ɗaga labule ta ce, "Yaya, a gafarce ni, ba ta haka yake karɓa ba." Ta durƙusa a gaban maza, ta ja kabbara. Malam ya karɓa da ƙarfin da ba a zata ba, ya kai shahada ta biyu, ya tsaya, rai ya yi halinsa. Maƙwabta biyu sun fito da butoci suna zaton azahar ta yi.

An yi jana'izarsa bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar Ikara. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar: Misbahu, Juwairiyya, Abdulwahabu, Zubaida da Ikrima, da jikoki goma sha huɗu. Allah ya jiƙansa, ya sa mu ma mu samu mai ja mana.