Gungumen Surukin Alhaji

Cikin duk shekarun da na yi ina yankan katako, ranar da surukin maigidana ya kawo mana aiki ce ba ta fita raina. Lokacin ni ne mai riƙe da babban inji a wurin Alhaji Sule, a bakin hanyar Ɗanbatta, kuma kaka ce, an gama cire gyaɗa.

Ku da ba ku san aikin ba, zarton injin nan ɗamara ce ta ƙarfe mai zagayawa. Na gargajiya da magagari muke wasa shi. A shekarar Alhaji ya sayo mai haƙoran kabayid, wato wani ƙarfe mai tauri da ake liƙawa a bakin kowane haƙori. Yana daɗewa bai dakushe ba, amma tsadarsa sai wanda ya saya, kuma in ya dakushe sai an kai shi Kano. Ƙusa ɗaya kuwa ta isa ta zubar masa da haƙora. Kullum in an tashi aiki sai mun sassauta shi mun goge masa ƙaro da kananzir, Alhaji na tsaye a kanmu kamar an yi masa haihuwa. Ya kafa doka: itacen gona ko na cikin gari ba ya hawa wannan zarto, don mutanenmu ba sa ganin bishiya su ƙyale ta ba ƙusa. Wanda ya karya haƙori ɗaya, ya ɗauki hularsa ya kama hanya. Sai dai bakin Alhaji bai iya shiru ba. Babu majalisar da bai yi wa zarton nan kirari ba.

Ranar sai ga amalanke da gungumen darbejiya, Baba Tanko, mahaifin matar Alhaji, na biye da sandarsa. Ina ganin itacen na gane shi. Bishiyar bakin kasuwar ƙauyensu ce, inda mahauta suka yi shekara da shekaru suna kafa ƙusa suna rataye nama.

Alhaji ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ido a ƙasa. Bayan gaisuwa Baba Tanko ya ce, "Ƙyauren ɗaki nake so. Da sabon zarton nan da ake ta labari za a yanka mini."

"An gama, Baba," in ji Alhaji. Ya waiwayo wajena ya ce, "Habu, ɗora."

Ina da mata da 'ya'ya, ga doka, kuma na san Alhaji sarai: gobe zai manta wanda ya ce a ɗora, ya tuna wanda ya yanka. Sai na rusuna, na ɗaga murya yadda tsohon zai ji.

"Haba Alhaji, aikin Baba guda a bar wa ma'aikaci? Ai wannan sai hannunka mai albarka."

Baba Tanko ya washe baki. "Yaron nan yana da tarbiyya. Tashi, Sule."

Kallon da Alhaji ya yi mini, ba na fatan maƙiyina ya gan shi. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya tura gungumen a hankali. Bai yi nisa ba muka ji ƙarrr! Tartsatsi ya tashi, haƙora suka riƙa feshi a jikin kwanon rufi. Na kashe inji, na shiga tari don in ɓoye dariya.

Baba Tanko ya leƙa, ya ce, "Af, ƙusoshin Ɗan'azumi mahauci! Allah ya jiƙansa. Ba dai wata ɓarna ko?"

Alhaji na zufa ya ce, "Ba komai, Baba."

"Madalla. To, akwai ragowar gungume biyu a gida, jibi zan aiko."

"Allah ya kai mu, Baba."

Da tsohon ya tafi, Alhaji ya ja ni gefe. "Ka san da ƙusa a ciki?"

Na ce, "Yadda kai ma ka sani, Alhaji."

Ya yi mako ba ya amsa gaisuwata, amma bai kore ni ba, don babu bakin yin hakan. Ni dai abin da na koya, ku yara masu tasowa: a sana'ar nan, kafin ku duba gungume, ku duba wanda ya kawo shi. In mutumin da maigida ke tuɓe wa takalmi ne, ku matsa ku ba maigida wuri.