Ruwan Kwaɓin Baba

Kowa a gidan da abin da ya ɗora wa laifin burodin Baba. Mama ta ce fulawar ce, Yaya ya ce yis ɗin ne ya tsufa. Auta ce kaɗai ta lura da hannun da yake tsomawa ya gwada ɗumin ruwan kwaɓi. Na dama ne, wanda ba ya jin komai tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi bara. Ruwan na tururi zai cire yatsa ya ce daidai, ya juye a kan yis ya kashe shi.

Baba mai gyaran rediyo ne, da yatsun nan ya ciyar da su duka. Da likita ta ce ya riƙa murza abu mai laushi, aka sayo masa ƙwallon roba, ya ce shi ba jariri ba ne, gara ya yi abin da za a ci. Haka ya mamaye kicin da kwaɓi, shi da ko shayi bai taɓa dafawa ba. Yaya kuwa har ya fara zancen a sallama shagon, tunda hannun ya ƙi dawowa.

"Malam, wannan na ci ne ko na gini?" in ji Mama, tana ƙwanƙwasa burodin da cokali.

"Haƙoranki ne suka tsufa, Hajiya."

Auta takan jiƙa nata a shayi ta cinye shiru. In ta faɗi gaskiya, ta tabbatar wa Yaya maganarsa ke nan a gaban kowa.

Wata safiya tana wanke kofuna, Baba ya tsoma yatsa kamar kullum, sai ya fizge shi har robar ruwan ta yi tangal-tangal.

"Kai! Wane ne ya tafasa ruwan nan?"

"Kai ne, Baba," ta ce a hankali. "Kullum ma haka yake."

Ya tsura wa yatsan ido. Ya sake tsomawa, ya sake fizgewa, yana dariya yana yarfe hannu.

"To dafa shi za ka yi?" Mama ta faɗa daga bakin ƙofa, ta juya wai tana neman murfin tukunya.

Ya surka ruwan, ya yi kwaɓinsa. Kafin hantsi ƙullun ya kumbura har ya ɗaga tsumman da aka rufe shi da shi. Burodin ya ɗan ƙone ta ƙasa, gishiri ma ya yi yawa, amma wuƙa ta shige shi ba gardama. Yaya ya ci yanka uku, bai ta da zancen shago ba.

Da Auta ta miƙa hannu za ta ɗauki robar kwaɓin, Baba ya ce ta bar masa. Ya naɗe hannun riga, ya wanke ta da kansa, ya kife a kan kanta.