Malam Badaru, Mai Auna Taya da Ƙwaryar Ruwa

Duk wanda ya saba bi ta bakin tashar Rogo da sassafe ya san cewa kafin mai shayi ya gama hura wuta, Malam Badaru ya riga ya share gindin darbejiyarsa. Zai cika rabin durom ɗin da yake tsoma taya a ciki don gano inda iska ke fita, ya jera sifanoni a kan buhu, sannan ya ja igiyar injin iska. Injin nan ba ya tashi a ja na farko, ban taɓa ganin ya tashi ba. Malam Badaru zai dube shi ya ce, "To ranka ya daɗe, sai ka shirya," ya sake ja. Idan ya kama, sai ya zauna ya sha kokonsa, a lokacin direbobi sun fara layi.

Shekara talatin da takwas ke nan yana wannan aiki na faci da sayar da taya. A watan nan ya ce gwiwa ta ƙi, durƙuso ya gagara, zai bar wa ɗansa Mu'az wurin, wanda shi ma yanzu magidanci ne. Da na ji haka raina ya sosu, na ce ba zan bari ya tafi gida shiru ba. Ni tsohon malamin firamare ne, abin da na mallaka mai taya bai wuce keke ba, amma tun da na bar aiki nake zama a bencinsa kusan kullum. Abin da zan faɗa da idona na gani, ba labarin majalisa ba ne.

Mutane suna ɗauka mai faci aikinsa toshe huji ne kawai. Ku zo ku ga Malam Badaru idan an kawo masa akori-kura ana neman sababbin tayoyi. Ba ya fara duban motar, mai motar yake duba, ya yi masa tambaya biyu: "Me take ɗauka? Wace hanya take bi?" Idan ba ka amsa ba, ba zai ɗaga sifana ba. Ya sha yi min bayanin lambobin da ke jikin taya, wai ta farko faɗinta ce, ta biyu tsayin gefenta, ta uku kuma girman rim, wato ƙarfen da take zama a kai. Mutumin da bai gama firamare ba, ga shi yana koya wa malamin makaranta karatun lamba, kuma sai ya maimaita min sau biyu kafin na gane.

Akwai ranar da Ɗanmaliki, wani mai sayen gyaɗa, ya zo yana son dogayen tayoyi don motarsa ta ɗaga sama ta yi kwarjini. Malam Badaru ya ce ya je ya loda buhunansa tukuna. Da ya dawo da lodi, motar ta zauna, sai ya cusa tafin hannu tsakanin taya da jikin mota, ya nuna masa ɗan abin da ya rage. Ya ce, "Alhaji, in na sa maka doguwa, ramin farko za ta gogi ƙarfe. Kuma a hawa injin zai riƙa nishi." Ɗanmaliki ya yi ta faɗa, ya ce shi da kuɗinsa. Malam Badaru ya ce ya ji, amma ba da hannunsa ba. Ciniki ne babba ya bari ya wuce a ranar, kuma ko a jikinsa.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Inna Saude.

Inna Saude Bafulatana ce daga wata ruga a bayan Falgore, ita ce shugabar matan da ke kawo kindirmo Rogo. Tun tana budurwa take ɗaukar ƙwarya a ka, ta yi tafiya mai nisa a ƙasa kafin ta kai inda ake samun abin hawa. Ita ce ta yi ta bin matan rugarsu ɗaki ɗaki har ta shawo kansu suka sayar da tumaki da raguna, suka haɗu suka sayi akori-kura ta hannu, don su huta da dakon ka. Ɗan ƙanenta Sabi'u, direba ne mai iyali, shi aka ba tuƙi.

Ranar da motar ta shigo Rogo kowa sai da ya leƙa. Mai ita na da a birni yake, ya sa mata manyan rim masu walƙiya, inci ashirin, da tayoyi masu siririn gefe. Sabi'u kullum sai ya wanke su har da omo. Ni ma na yaba, ba zan ɓoye ba.

Sai dai tun makon farko kindirmon ya fara isowa a tsinke. Abin da ya kwana ya kama, ya yi kauri, sai a buɗe faifai a tarar ruwa ya taso sama, ƙasa kuma ya dagargaje. Hajiya Maijidda mai fura, wadda ta fi kowa saye a wurinsu, ta yi haƙuri sau uku, a na huɗu ta ce ita ba za ta dama wa mutane tsala da sunan kindirmo ba. Sauran masu fura suka bi bayanta. A ruga aka fara neman mai laifi. Aka ce gudun Sabi'u ne, ya rage gudu, bai hana ba. Aka ce ƙoren ne, aka sake sababbi. Daga nan aka koma cewa baki ne ya kama motar, har da masu cewa dama abin da iyaye ba su yi ba ba ya albarka. Matan suka yanke cewa bayan sallar Juma'a mai zuwa za a zauna, a sayar da motar, kowace ta koma gammonta. Inna Saude ce ta sa su rabuwa da dabbobinsu, don haka duk idon ruga yana kanta.

Ranar Talata Sabi'u ya tsaya a gindin darbejiya saboda gefen taya ɗaya ya kumbura. Inna Saude tana gaban mota, ba ta ko sauko ba. Kakan Malam Badaru Babarbare ne, don haka ba ya ganin Bafulatani ya ƙyale. Ya leƙa ta taga ya ce, "Inna, yau kuma baiwa ba ta gaida ubangidanta?"

Da wata rana ce da ta rama har da ƙari. Ranar sai ta ce, "Malam Badaru, bar ni. Na ja mata sun sayar da tumakinsu, ga shi zan mayar da su inda na ɗauko su, ba mota ba tumaki."

Ya daina dariya. Ya sa aka ba ta benci, ta zauna kusa da ni, ta kwashe labarin duka ta faɗa masa. Ya saurara bai katse ta ba. Sannan ya juya wurin Sabi'u ya yi tambayarsa ta kullum, me take ɗauka, wace hanya take bi.

Sabi'u ya ce, "Baba, ai ka sani. Nono ne, hanya kuma burji ce mai gargada, sai yashi a bakin rafi."

Malam Badaru ya durƙusa, ya auna gefen tayar da yatsu, uku kacal. Ya ce, "Wannan takalmin zuwa biki ne, ku kuma gona kuke zuwa da shi. Ba roba a tsakaninku da ƙasa. Duk dutsen da kuka taka, ƙwarya ce take amsawa."

Sabi'u bai ji daɗi ba. Ya ce, "Haba Baba, rim ɗin nan su ne kyan motar. Kowa su yake kallo."

"Su za a dama da fura?" in ji Malam Badaru.

Abin da ya yi bayan nan ban taɓa ganin wani mai faci ya yi shi ba. Ya ce shi ba ya son a yarda da maganarsa don girman furfura, a bari hanya ta yi shaida. Ya karɓi ƙwarya ɗaya a wurin Inna Saude, ya cika ta da ruwa har baki, ya ɗora a kan gammo a bayan mota. Ya rufe injinsa da buhu da hantsin nan, direbobi suna jira suna gunaguni, ya hau baya ya zauna. Ni ma na hau, don tsegumi ba ya barina. Muka bi hanyar rugar muka dawo. Kafin mu iso tasha wandona ya jiƙe sharkaf, haƙorana kamar za su zube, ruwan ƙwaryar kuma bai kai rabi ba. Ya miƙa wa Sabi'u ita ya gani da idonsa.

Kwana biyu ya yi a kan motar nan. Ya hau mota da kansa zuwa Karaye wurin wani abokin sana'arsa, ya samo rim na baƙin ƙarfe, inci goma sha shida, aka yi musaya da masu walƙiyar, don akwai mai son su a can wanda kwalta kawai yake bi. Ya ce na ƙarfe in ya lanƙwashe a rami guduma tana miƙar da shi, wancan kuwa tsagewa yake. Bai ɗaura ba sai da ya tabbatar hujin noti shida sun hau daidai, kuma cikin rim ɗin bai taɓa birki ba. Ya zaɓi tayoyi masu dogon gefe, ya zagaya tsohuwa da igiya, ya zagaya sabuwa, don kada tsayin ya bambanta da yawa motar ta rasa ƙarfi ko ta gogi jiki in mata sun cika ta. Wata taya mai kyan zane ya ture gefe, wai lambar shekararta ta nuna ta tsufa a ajiye.

Sabi'u ya tsaya yana kallon motarsa da baƙaƙen rim kamar an yi masa rasuwa. Muka sake hawa da ƙwaryar ruwa. Wannan karon kaɗan ya zube, amma Malam Badaru bai gamsu ba. Ya rage iska kaɗan, ya matsar da ƙwaryar gaba kusa da kan mota, ya sa buhun ƙaiƙayi a ƙarƙashi, muka koma karo na uku. Da muka dawo, abin da ya zube bai fi kurɓi biyu ba. Ya ɗauko fenti ya rubuta awon iskar a jikin ƙofa, ya ce wa Sabi'u, "Kada ka bari a ƙara, kada ka bari a rage. In ta yi laushi da yawa zafi za ta ɗauka ta fashe."

Safiyar Juma'a, ranar da za a zauna a kan sayar da motar, suka iso da ƙore goma sha ɗaya. Inna Saude ta roƙi Hajiya Maijidda ta zo tasha ta duba da kanta. Hajiya ta zo tana cewa ita fa sauri take. Aka ɗaga faifai. Kindirmo yana nan a kame, fari sol, ba ɗigon ruwa a sama. Ta sa ludayi ta yanko, gurbin ya tsaya bai rufe ba. Ta buɗe ta biyu, ta buɗe ta uku, sannan ta ce, "A kai min shida gida, sauran kuma kada a ba kowa sai na aiko." Inna Saude ta juya baya ta ja mayafi ta rufe fuska. Matan da suka zo da ita suka yi ta guɗa har direbobi suka taru suna tambayar ko biki ake. Zaman da aka shirya bayan Juma'a ba a yi shi ba.

Malam Badaru, kai ne ka bar cinikinka na kwana biyu saboda matan da ba danginka ba. Kai ne ka zauna a bayan mota da gwiwar da ke ciwo, gargada tana jijjiga ka, don kawai kada ka sa wa mutane abin da ba ka gwada ba. Na gindin darbejiya, mai tambaya kafin aiki! Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, ba wanda ya ba ka takardar yabo, kuma na san da ka ji ana karanta maka wannan za ka ce malam ya rasa aikin yi. Ka ce duk abin da za ka ce, ni dai ina alfahari da na zauna a bencinka.

Shekara uku ke nan motar tana zuwa kullum, rani da damina. Matan wasu rugage biyu sun sayi tasu, kuma kafin su ɗora ƙwarya ko ɗaya sai da suka biyo ta gindin darbejiya. Mu'az ya gaji tambayoyin nan biyu, na ji shi da kunnena yana yi wa wani mai ɗaukar dawa. Ina kira ga masu faci da makanikai na Rogo da Karaye, da duk mai sana'ar da ake zuwa wurinsa da amana, ku riƙa tambayar mutum abin da zai yi da kaya kafin ku sayar masa, ko da amsar za ta hana ku ciniki. Masu mota kuma, in irin su Malam Badaru sun ce a'a, ku tsaya ku ji dalili.

Mun gode, Malam. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sa hutun ya yi albarka, ya saka maka da mafificin alheri.

Shekaranjiya Inna Saude ta ji labarin zai bar aiki, ta zo yi masa sallama. Ya tsokane ta kamar kullum, ta rama. Da za ta tafi sai ta dawo, ta rage murya, ta dafa tsakiyar kanta ta saman ɗankwali. Ta ce, "Malam Badaru, shekara arba'in gammo ya cinye min gashin nan, wurin ya zama fili. Jiya mai kitso ta ce min ya fara tsirowa."