Ranar da Dona Firmina Ta Je Sauraron Fim

Ranar Lahadin da aka kawo fim garin Serra Miúda, kowa a zauren coci farin bango ya fuskanta, in ban da Dona Firmina. Ita a karkace ta zauna, ta juya kunnenta na hagu, wanda har yanzu yake ji sosai, ga akwatin lasifika da ke kan tebur. Ba wanda ya lura. Mutane na ta faman rataya barguna a tagogi don tare ranar ƙarfe uku, wasu na jan benci, wasu na rabon gugguru.

Shekarunta sittin da takwas. Awaki goma sha ɗaya gare ta, da 'yar gonar rogo da wake a bayan gida, kuma ranar kasuwa cukunta ne yake fara ƙarewa. Shekara arba'in da uku ta yi da Seu Valdevino, makaɗin goge, irin gogen nan mai tsirkiya huɗu da ake dafawa a ƙirji. Da hannunsa ya sassaƙa shi. Bara ya rasu, a makon da ruwan farko ya sauka.

Makaɗan goge na wannan yanki kowa da yadda yake saita nasa. Wani da muryarsa, wani da ƙararrawar coci. Valdevino da muryar matarsa yake saitawa. Sai ya zauna gindin bishiya a tsakar gida, ya ɗaga murya:

"Tsohuwa!"

Ita kuma daga madafa, hannu dumu-dumu da garin masara, ta amsa:

"Me kuma?"

Sai ya yi ta murɗa kunnen goge har tsirkiya ta hau daidai kan muryarta. In mura take yi, ranar gogen ƙasa-ƙasa zai yi kuka. In da fushi ta tashi, har karnukan maƙwabta sai sun sani.

Shekara uku da suka wuce wasu masu shirya fim suka zo daga birni, suna bin ƙauyuka suna ɗaukar kiɗan gargajiya. Suka wuni a tsakar gidanta, ta dafa musu kuskus da kofi. Da suka so haɗa Valdevino da mai ganga da mai akodiyan, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, abin ya ƙi. Suka miƙa masa wata 'yar na'ura mai fitila, suka ce ya saita da ita. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya mayar musu. A ƙarshe suka ɗauke shi shi kaɗai, kuma ta ji ɗayansu yana cewa a hankali: "Wannan ba zai zauna da sauran ba." Valdevino ma ya ji. Har ya bar duniya bai sake tada maganar ba. Ita kuwa ba ta da kaset, ba ta da komai mai ɗauke da kiɗansa. Abin da ya kawo ta zauren ke nan: fim ɗin nasu ne, tana so ta ji ko sun bar kiɗansa a ciki, ko sun zubar.

Dona Zulmira ta faɗo kan benci kusa da ita tana haki. Ita ce ta riƙe wa Firmina ɗanta na fari ranar baftisma, tun daga nan suke kiran juna komadre.

"Komadre, bangon can yake fa. Ko da ƙeya za ki kalla?"

"Ke dai kalli naki. Idonki ma ɗaya ne ke aiki."

"Shi ɗin ya ishe ni in ga kin sa takalmin biki."

Aka kashe fitila.

Tsohon labarin nan ne, wanda ya girmi kakannin kakanni, na jarumin da ya tafi yaƙi ya shekara da shekaru yana neman hanyar gida. Sai dai a nan jarumin makiyayi ne mai hular fata, siriri kamar karan dawa, jirgin ruwansa jaki ne, tekunsa kuwa wannan daji nasu mai ƙaya da farin dutse. Yaƙin da ya je ma rigima ce a kan bunsuru ɗaya. Tun daga nan zaure ya kece da dariya. Jaki ya isa bakin busasshen kogi ya kafe, ya ƙi tsallakawa, wai kada ya nutse. Makiyayi ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya ɗauki jakin a kafaɗa ya ratsa yashi yana ɗaga ƙafa. Zulmira ta yi ta dukan cinyarta.

"Wayyo cikina! Komadre, wannan ai mijina ne sak, har da kunnuwan!"

"Wanne? Na sama ko na ƙasa?"

Firmina ta faɗa ne ba tare da ta waiwaya ba. Kiɗa take bi. Akodiyan ya zo ya wuce. Sarewa biyu suka zo suna bin juna kamar 'yan tagwaye. Ganga ta zo. Goge ma ya zo, ta kasa kunne, amma kafin ya kai ƙarshen layi ta san ba shi ba ne. Wannan sumul yake, ya ji na'ura mai fitila.

Zafin zauren da duhunsa suka lulluɓe ta. Wani siririn haske ya sulalo ta ɓular bargo, ƙura na iyo a cikinsa a hankali. Sai ta ga kamar dajin da ke bango ya malalo ƙasa, ya bi tsakanin bencina, ya fita ƙofa ya haɗu da na waje. Ta ga kanta tana da shekara ashirin da huɗu a bikin waliyyi São João, wuta na ci a tsakiyar fili, masara na gasuwa, wani dogon saurayi da goge a ƙirji yana tambayarta sunanta har sau uku. Daga baya ya ce mata ya ji tun na farko, muryar yake son kamawa. Dariyar mutane ta riƙa zuwa mata daga nesa, kamar ruwan sama a kan rufin wani gida.

Da ta dawo hayyacinta, makiyayi ya yi furfura. Ya tsere wa wani ƙaton mai shago, ya kuɓuta daga garin da kowa ke barcin rana ba ya tashi, jakin ma ya tsufa. Ta san labarin ya kusa ƙarewa. Ta laluba jakarta ta rungume a cinya.

"Sun zubar da shi," ta ce a hankali.

Zulmira ba ta yi tsokana ba wannan karon. Ta dai dafa mata gwiwa.

A bango, makiyayi ya hango gidansa. Duk kiɗa ya ɗauke, ganga da sarewa da akodiyan. Sai kukan zakara, da motsin ganye. Ya tsaya a ƙofa, bayan shekara ashirin, ya cire hula, ya buɗe baki. Muryar da ta fito daga lasifika ba tasa ba ce.

"Tsohuwa!"

Daga cikin gidan, wata murya mai gajiya, wadda ko leƙowa ba ta yi ba:

"Me kuma?"

Zaure ya fashe da sowa. Wani daga baya ya yi ihu: "Dona Firmina ce! Na rantse ita ce!" Mutane suka miƙe suna nemanta da ido. Zulmira na dariya hawaye na zuba: "Shekara ashirin mutum na hanya, abin da za ki ce masa ke nan?"

"Ku yi mini shiru," in ji Firmina. "Bai gama saitawa ba."

Tsirkiya ta yi ƙara, ta zame, ta hau, ta zauna daram kan muryarta. Sannan gogen ya fara, shi kaɗai, da 'yar dusashewar nan tasa, ƙafarsa na dukan ƙasar tsakar gidanta. Haka ya raka makiyayi har ciki, ya ci gaba har sunayen masu fim suka gama hawa bango. Ranar da aka ɗauka ba ta da mura, ba ta fushi. Ta ji hakan a cikin kiɗan.

Da aka yaye barguna, rana ba ta ko faɗi ba. Ta je wurin mutumin da ke naɗe waya.

"Ɗana, ina za ku kai shi daga nan?"

"Garin Lagoa Funda, Dona, ranar Asabar."

Ba ta bi hanyar gida kai tsaye ba. Ta biya ta gidan Seu Nivaldo mai a-kori-kura, ta same shi yana wanke mota, ta ce ya ajiye mata kujerar gaba ranar Asabar, zuwa Lagoa Funda.