Shekara Biyun da Aka Rage Mini

Mahaifina dillalin dabbobi ne a kasuwar Dakoro, kuma abin da aka san shi da shi ke nan: ba ya rage wa dabba shekara. Mai rago zai ce ɗan shekara biyu ne, Baba ya tsuguna ya buɗe bakin ragon da babban yatsa, ya leƙa, ya ce huɗu. Ko ciniki zai lalace, sai dai ya lalace. "Haƙori bai ƙarya," haka yake cewa. Na taso ina jin wannan magana kamar karatun sallah, ina kuma taƙama da ita gaban yara.

Ni kaɗai ya taɓa rage wa shekara.

Na yi ƙuruciyata wajen kakana, can gefen Bader Goula, ina bin awaki. Sai da na kai tara aka dawo da ni gari, lokacin kuwa lakwal, wato makarantar boko, ba ta ɗaukar sabon yaro mai tara. Baba ya yi abin da kowa ke yi: ya nemi shaidu biyu, aka je aka yi mini takardar haihuwa, aka rubuta bakwai. Ban damu ba. Na fi kowa tsawo a aji, ni nake goge saman allo, shi ke nan.

Ina da aboki, ɗan maƙwabtanmu, sa'ana na haƙiƙa. Mako ɗaya aka haife mu. Inna takan ce naman sunansa bai ƙare a gidanmu ba aka yanka nawa ragon. Shi ubansa malamin asibiti ne, ranar da aka haife shi aka rubuta, saboda haka takardarsa ba ta da gyara. Ya riga ni aji biyu, amma a waje ni nake kayar da shi a kokawa.

Shekarar da na cika goma sha biyu, wato goma a takarda, aka buɗe ɗakin karatu a bayan lakwal ɗinmu. Ɗaki ɗaya ne, da benci uku da wani saurayi mai tabarau da aka ba tsaron littattafai. Mushe muke ce masa, kamar yadda muke kiran malaman lakwal, ko da yake ba ya koyarwa. A can na haɗu da littattafan zane, waɗanda muke kira bede. Akwai wani jeri mai littafi huɗu, labarin wani jarumi mai riga launin toka, wanda zai iya ɗaga gida da hannu ɗaya. Amma ƙarfin nasa da sharaɗi: duk lokacin da ya yi aiki da shi, sai ya manta mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya sani. Ya manta malaminsa, ya manta abokinsa, ya manta uwarsa. A ƙarshen littafi na uku ƙanwarsa kaɗai ta rage masa a kai, ga kuma gada tana karyewa da mutane a kanta.

Na cinye ukun nan cikin kwana biyar, Faransancina na tuntuɓe amma zanen yana ɗauke ni. A rana ta shida na miƙa hannu ga na huɗu, Mushe ya dafe shi. Ya juya mini bayan littafin. Ga wata jar da'ira, a cikinta an rubuta goma sha biyu.

"Wanga akwai jini ciki," in ji shi. "Sai mai sha biyu. Kai nawa gare ka?"

"Sha biyu."

Ya buɗe babban kayensa, littafin rajistar nan inda ya kwafe shekarun kowa daga takardun lakwal. "Nan goma na gani."

Abokina yana gefe, littafin kuwa a jiya ya gama shi. Na ce mako ɗaya aka haife mu, a tambaye shi. Ya ce ƙwarai haka ne. Mushe ba mugu ba ne, tsoron doka ne ya yi masa yawa. Ya ce maganar yaro ba ta ture takarda, amma in babba ya zo ya faɗa da bakinsa, zai ba ni.

Na fita ina dariya. Babba? Ai ni nake da babban da duk Dakoro ta yarda da bakinsa a kan shekaru.

Sai da na yi kwana uku ina naci kafin Baba ya yarda. Ya ce shi bai ga abin ɗaga hankali a kan zanen mutum mai wando a matse ba, amma zai biya in ya taso daga kasuwa. Ya kuwa zo, da sandarsa da warin awaki a rigarsa. Ina gaba yana baya, yara sun biyo mu, don na riga na shelanta wa kowa.

Abin da ban lissafa ba, daraktan lakwal yana zaune a bakin ƙofar ɗakin, suna shan shayi da Mushe. Na ga Baba ya rage tafiya. Aka gaisa, aka tambayi kasuwa, aka tambayi iyali. Sannan Mushe ya ce, "Baba, yaronka ya ce takardarshi ba daidai take ba. Wai shekarunshi sha biyu."

Darakta ya ajiye kofinsa.

Baba bai dube ni ba. Ya dubi ƙasa, ya dubi darakta, ya yi ƴar dariya irin wadda ban taɓa ji a bakinsa ba. "Ku rabu da shi, Mushe. Tsawo ne ke ruɗin shi. Abin da takarda ta hwaɗi shi ne. Goma gare shi."

Yara suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Ashe ƙaninmu ne!" Na tsaya kamar an dasa ni. Ba littafin ne ya fara yi mini ciwo ba. Mutumin da ke ɓata ciniki saboda haƙorin rago ne ya mai da ni maƙaryaci a gaban sa'o'ina, kuma ya san ni ne mai gaskiya.

A hanya ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "So kake a kore ka lakwal saboda zane?" Yau na san tsoronsa ba na banza ba ne, ko da yake na kuma san rabin ajinmu haka takardunsu suke, kuma daraktan ya fi kowa sani. Ina ma da ya ja Mushe gefe. Da ya ce mini tun a gida ba zai iya ba. Da ko a hanyar nan ya ce, "Na sani, kai ke da gaskiya." Bai ce ba, har ya koma ga Allah.

Abokina ya so ya ba ni labarin ƙarshen, na toshe kunne. Na ce da idona zan gani. Na jira shekara biyu cur, ina wuce jar da'irar nan kamar mai azumi yana wuce mai tuya. Ranar da takarda ta yarda na kai sha biyu, na je. An canza Mushe, na huɗu kuma wani ya ara bai dawo da shi ba. Sabon mai tsaron ya ce in ɗauki wani mana, ai duk zane ne.

Yanzu ina aikin gwamnati a Maradi. Abokin nan nawa, sa'ana, zai ajiye aiki ya bar ni da shekara biyu a kujera, kuma duk wanda ya ji sai ya ce Baba ya yi mini gata, ya ba ni shekara biyu kyauta. Nakan ce Allah ya ji ƙansa, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa. Ɗiyata ta ce in ba ta sunan littafin, cikin minti ɗaya za ta nemo mini ƙarshen a waya. Na hana ta. Wanda yake son ya san ko jarumin ya manta ƙanwarsa yaro ne ɗan shekara goma sha biyu, kuma ubansa ya riga ya shaida a gaban mutane cewa babu shi.