Funfunar da ke cin icce cikin ruwa

Ban taɓa gaya wa kowa ba, tun da na daina zuwa makaranta tambayoyi suka hana ni sukuni.

Jiya muna wanki a bakin kogin Kwara, na tsamo ruɓaɓɓen icce da farar funfuna a jikinsa. Na tambayi Anti Hauwa, malamar da ke haya a gidanmu, ko funfuna na rayuwa cikin ruwa.

Ta ce, "Har cikin teku, can ƙarshen ƙasar Benin. Ita ke cinye matattun itatuwa, ta mayar da su iskar da tsirrai ke shaƙa."

Inna ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi ya haɗa ki da teku? Ɗauraye zannuwa!"

Na ɗauraye. Don Allah, akwai wadda ta taɓa komawa aji bayan shekara biyu? Ni dai ranar Litinin zan bi Anti makarantarsu.